Wasannin barkwancin da ake yi a dandamali a Kaduna: wasan kwaikwayo ne ko bidiyon waya aka jera?

Baban_Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wa ya samu zuwa kallon wasannin barkwancin nan da matasa ke yi duk ƙarshen mako tun bayan Sallah? Uku suka jera: na gidan haya, na lefe da na kansila. Ni na kalli na gidan haya da na kansila. Dariya kam na sha ta. Amma da na koma gida uwargida ta ce in ba ta labarin wasan, sai na rasa ta inda zan kama. Ba kai ba gindi, wannan ya shigo ya yi abin dariya ya fita, wancan ma haka. A ganina gajerun bidiyon TikTok ne aka jera aka ɗora kan dandamali, aka karɓi kuɗin tikiti. Garin da ya fitar da Samanja da Kasimu Yero, a nan muka tsaya ke nan?

Ɗan_Rigasa: Wa'alaikumus salam. Ka sha dariya, ka dawo kana ƙorafi. To me ka je nema, Malam? Wa'azi?

Maman_Sadiq: Baban Ilham, na lefen ne ba ka gani ba, shi ya sa. Wannan yana da labari tsaf. Dangin ango ba su da ƙarfi, sai gwaggonninsa suka bi maƙwabta suna aron atamfa da leshi don a cika akwati, da niyyar bayan biki a mayar wa kowa nasa a ɓoye. Ranar kai lefe ana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya ana guɗa, sai innar amarya ta hango leshinta da ta ara wa wata ƙawarta, ta gane shi da ƙunar dutsen guga a bakin zanen. Ta kasa magana, don ita ma gwal ɗin da ke wuyanta na aro ne, kuma mai shi tana zaune cikin dangin ango. Tun daga nan har ƙarshe kowa na riƙe da asirin kowa. Matan da ke layinmu har hawaye suka yi don dariya.

Maman_Sadiq: Kuma ba wanda ya tsaya ya yi mana nasiha a ƙarshe, wannan ya burge ni. Kowa ta gane kanta ta yi shiru.

Injiniya_Malali: Ni na gidan hayar ma bai yi mini kama da tarkace ba. Wurin da maigidan ke bin ɗaki-ɗaki yana ƙirga ƙwan fitila da dutsen guga don raba kuɗin wuta, matar nan ta goya butar lantarki ta lulluɓe da zani, shi kuma ya taɓa ya ji zafi ya ce yaron nan zazzaɓi ne da shi, lallai sai an tafi asibiti yanzu, har ya tare keke da kuɗinsa. Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya mai mita ɗaya a Tudun Wada ko Unguwar Shanu ya san inda aka ɗauko wannan.

Baban_Ilham: @Injiniya_Malali wannan wurin shi ne mafi kyau a wasan, ban musa ba. Amma bayan an dawo daga asibitin me ya faru? Babu. Aka shiga rigimar layin banɗaki, aka manta da butar. Abin da nake faɗa ke nan.

Dattijon_Kabala: Salamu alaikum. Bari tsoho ya sa baki. Baban Ilham, ka ambaci Samanja, Allah ya jiƙan Usman Baba Pategi, ya rasu a nan Kaduna a Nuwamban 2023. Mu da muka saurare shi a rediyo kafin mu gan shi a talabijin, mun san cewa ba dogon labari ke riƙe da wasan ba. Kowane mako abu ɗaya ne ke tasowa a bariki, a yi ta dambarwa, a tashi. Abin da ke sa ka dawo mako mai zuwa shi ne mutumin. Ka san yadda zai buɗe baki, ka san yadda zai cakuɗa Hausa da Turancin bariki, ka san zai yi kurari a gaban ƙananan sojoji ya kuma lafa idan ya ga na gaba da shi. Kuma shi soja ne na gaske, ya sa kaki ya yi aikin, ba a bakin wani ya ji ba. Haka Kasimu Yero, da ya rasu a 2017, Allah ya gafarta masa. Kafin ya yi magana ma tsayuwarsa ta isa.

To ni tambayata ga yaran nan ita ce: a cikin wasanninku uku, wane ne mutumin da yara za su fita suna kwaikwayon tafiyarsa a layi? In akwai shi, wasa ya yi. In babu, ko labarin ya kai daga nan zuwa Zariya ba zai zauna ba.

Ɗan_Rigasa: Baba ka gama magana. Maigidan hayar nan fa yara sun fara kwaikwayonsa a unguwarmu, yadda yake lasar yatsa kafin ya buɗe littafin bashi.

Hauwa_Samaru: Ina goyon bayan Baba, da ɗan ƙari. Yawancin wasannin Hausa na rediyo da talabijin na wancan lokacin ba a rubuta musu magana kalma-kalma. A tsara abin da zai faru a kowace fitowa, a raba wa kowa matsayinsa, sauran maganar daga bakin ɗan wasa take fitowa. Shi ya sa Hausarsu ke da daɗi. Gidan rediyo da talabijin na Kaduna tun 1962 yake, kafin ma a kafa NTA a 1977, ke nan mutanen nan sun yi shekaru suna gogewa da juna. Yaran yanzu ba su da wannan gatan. A Drama Village, dandamalin wasan kwaikwayo na jami'ar ABU da ke Samaru a Zariya, ginin ƙasa ne tun shekarun 1970, 'yan kallo na kewaye da kai, ba makirufo, dole ka koyi jefa murya da juya jiki yadda kowa zai gan ka. Da za su riƙa leƙowa Samaru ko sau ɗaya a wata, da an ga bambanci. A wasan kansila rabin maganar ɗan garuwa ba mu ji ba, ya juya mana baya yana magana da bango.

Sani_Mai_Shago: Don Allah a ina ake yi, kuma nawa ne shiga?

Maman_Sadiq: @Sani_Mai_Shago na tura maka ta akwatinka.

Ustaz_Badarawa: Ni abin da ya hana ni komawa ba labari ba ne. An rubuta ƙarfe huɗu, ba a fara ba sai biyar da rabi ta wuce. Ana tsakiyar wasa aka kira Magariba, ba a tsaya ba. Muka fita mu kaɗan muka yi salla a bakin mota, ko tabarma ba a tanada ba. Sannan zama a cakuɗe. In ana son magidanta su zo da iyali, a gyara waɗannan biyun.

Yar_Barnawa: Maganar lokaci gaskiya ce, Ustaz. Mu da za mu tsallaka gada zuwa Barnawa ko Sabon Tasha, in wasa ya kai tara na dare sai ka ga kuɗin keke ya ninka. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya fi tikitin ciwo. Maganar zama kuwa, ni da mijina muka je, kuma tare muka zauna. A ware layi ga wanda ke so, kar a tilasta wa kowa.

Ustaz_Badarawa: Layin ma ya wadatar, 'yar'uwa. Ban ce a kori kowa ba.

Bala_Gonin_Gora: Tunda an buɗe ƙorafi, ga nawa. A wasan kansila me ya sa sai da aka sako Bagwari da ba ya jin Hausa sosai, ana yi masa dariya? Ni Bagwari ne, a Kaduna aka haife ni, Hausar da nake rubutawa yanzu ita nake yi. Kakannina suna wurin nan tun kafin Gwamna Lugga ya kawo hedikwata nan daga Zungeru. Shekara nawa za a yi ana maimaita abu ɗaya? Bafulatani da sanda ya ruɗe a birni, Bagwari da karyayyiyar Hausa, Bayarabe da ihu. Zauren ya yi dariya, ni ma na murmusa don kar a ce, amma 'yata ta tambaye ni ko haka kakanta yake magana.

Ɗan_Rigasa: Haba Bala, wasa ne fa. Ai akwai wasa tsakanin ƙabilu tun fil azal. Fulani da Barebari, Katsinawa da Nufawa, Kanawa da Zagezagi. Ba wanda ya taɓa kai ƙara.

Bala_Gonin_Gora: Wancan wasan ana ramawa. Bafulatani ya tsokani Babarbare, shi ma ya mayar masa nan take, a tashi kunnen doki. A dandamalin nan wa ya ba Bagwarin dama ya rama? Ya shigo, an yi masa dariya, ya fita.

Dattijon_Kabala: Bala ya fi ka gaskiya a nan, ɗana. Shi kansa Samanja Banufe ne daga Pategi, kuma Hausarsa ta bariki ita ce abin dariyar, amma shi ne mai gidan wasan, shi ke ba da oda, shi ake tsoro. Ba a kawo shi don a taka ba.

Hauwa_Samaru: Kuma asalin barkwancinmu sama yake duka, ba ƙasa ba. A Wasan Gauta matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa, su nuna masa halinsa a gabansa. A Kalankuwa bayan girbi samari ke naɗa gwamnansu da alƙalinsu da 'yan sandansu, irin wadda ake yi a Bomo kusa da mu. 'Yan kama kuwa malamai suke kwaikwaya, su zauna kamar masu karatu alhali duk zancen tuwo da miya ne. Ko tashe da yara ke fita da shi daga goma ga azumi, gwauro da malamin da ya yi rawa yake tsokana. Wasan kansila ya kama hanyar nan da kyau, sai ya ratse ya koma kan talaka ɗan'uwansa.

Injiniya_Malali: Ni dai wurin ƙaddamar da rijiyar burtsatse ya biya ni kuɗina. An kafa famfo ba rami a ƙasa, an ɓoye ɗan garuwa bayan labule da jarkoki yana ɗura ruwa ta tiyo, Honorabul na jawabi ruwa na zuba ana tafi. Da ɗan garuwa ya ji ba za a biya shi ba sai bayan taro, ya tsayar da ruwan daidai lokacin da mai ɗaukar hoto ya ce a sake. Mutumin da ke gefena ya ce wallahi an yi haka a mazaɓarsu.

Kwamared_TW: An yi mana! Kuma in kuna so in faɗi sunan kansilan da unguwar.

Admin: Kwamared, a'a. Ba a kama suna a zauren nan. A ci gaba da maganar wasa.

Na_Bayan_Labule: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina cikin masu wasan, wani ne ya turo mini zancen, na karanta tun daga sama. Ba kare kai na zo yi ba, bayani ne.

Baban Ilham, da farko wasan gidan haya dogo ne, kuma butar tana dawowa a ƙarshe: maigidan ya zo barka da sauƙin yaro da ledar lemo, ya tarar ana dafa shayi da majinyacin. Mun yanke ne saboda a gwajin da muka yi da mutane, da zarar an yi minti biyu ba dariya sai ka ga hasken waya ya cika zaure. Tsoro ya kama mu, muka riƙa cusa abin dariya ko'ina. Kuma gaskiya muna tsara wasu fitowar yadda za a iya yanko su a saka a intanet, don su ke jawo mana masu sayen tikiti. Ba mu da kuɗin talla a rediyo.

Kuɗin zaure mu ke biya, man janareta mu, hayar makirufo mu. Ƙananan makirufo na maƙalawa a riga ba su kai yawanmu ba, ana musayarsu a bayan labule, shi ya sa ɗan garuwa ya fito ba shi da ko ɗaya. Cikinmu akwai tela, akwai malamin firamare, akwai mai POS, sai bayan Isha'i muke haɗuwa rihaza.

Ustaz, za mu tsaya hutun Magariba daga wannan Asabar ɗin. Yaya Bala, na kai maganarka gaban darakta.

Baban_Ilham: To ka gani! Ashe ƙarshen yana nan kuka cire. Wallahi da kun bar shayin nan da shi zan shiga gida. Ku mayar da shi, ku cire rigimar banɗaki.

Ɗan_Rigasa: A'a, kar a taɓa mana layin banɗaki. Nan ne na fi dariya.

Yar_Barnawa: @Na_Bayan_Labule sannunku da ƙoƙari. Abu ɗaya da na lura: kuna yin magana a kan dariyar mutane. An faɗi abu zaure ya ɗauka, maimakon ku dakata ta lafa sai na gaba ya ci gaba, maganarsa ta nutse. A waya ba mai katse ka, a dandamali kuwa 'yan kallo ma suna da nasu lokacin. Matar da ta fito a innar amarya ta iya wannan. Tana tsayawa ta zuba wa leshin ido kawai, dariyar ta ƙaru, sai ta kusa mutuwa sannan ta yi magana.

Na_Bayan_Labule: Anti, ita ce babbarmu, ta yi wasan rediyo a da. Kullum faɗan da take mana ke nan.

Malam_Na_Kawo: Ni malamin Hausa ne a sakandare. Abin da ke damuna shi ne a rubuta wasannin nan. Muna karantar da Uwar Gulma da Jatau Na Kyallu shekara da shekaru saboda an buga su a takarda, duk makarantar da ta so za ta ɗauka ta yi. Wasannin rediyo da talabijin da Baba ke magana a kai, nawa ne cikinsu yaro zai iya samu ya kalla yau daga farko har ƙarshe? In kuka gama zagayen nan kowa ya koma shagonsa, wasan lefen ya tafi ke nan. Ku zauna ku rubuta shi, ko a littafin makaranta ne. Ni zan sa ɗalibaina su yi shi ranar bikin ba da kyaututtuka, da izininku.

Hauwa_Samaru: Malam, a rubuta amma bayan an gama yi, ba kafin ba. In aka ba su takarda su haddace, Hausar za ta sandare.

Malam_Na_Kawo: Ban ƙi ba. A ɗauki murya a kwafe.

Hajiya_Kayan_Kicin: Masu shirin biki akwai akwatunan lefe saiti shida da saiti goma sha biyu, ana kaiwa har gida cikin Kaduna.

Maman_Sadiq: Hajiya, na sayarwa ne ko na aro? 😂

Admin: Hajiya, ranar Juma'a ake talla.

Joseph_Kakuri: Ni ba Bahaushe ba ne amma da Hausa na tashi. Abin da ban ga an faɗa ba shi ne waɗanda suka cika zauren. Na ga mutanen Kawo da Rigasa, na ga na Television da Narayi, a kujeru ɗaya. Tun rikicin 2000 da garin nan ya rabu, wane ya koma kudu da kogi wane ya koma arewa, wurare nawa suka rage da ake haɗuwa haka in ba kasuwa ko filin ƙwallo ba? Mai gidan haya ba shi da addini, kowa ya sha hannunsa. Shi ya sa nake tare da Bala, a kiyaye abin da zai sa wani ya ji ba da shi ake ba. Kuma ku kawo wasan Kakuri ko Sabo ko sau ɗaya, kar kullum mu ne masu tsallakowa.

Kwamared_TW: Duk wannan aikin gwamnati ne. Jiha guda da ma'aikatar al'adu, a ce yara na biyan kuɗin zaure daga aljihunsu. Ga Gamji Gate can, ga Murtala Square. Da aka fara bikin littattafai na KABAFEST a 2017 ai an ga gwamnati a ciki. Me zai hana a ware wa masu wasan Hausa ko mako biyu a shekara?

Injiniya_Malali: Kwamared, ranar da gwamnati ta biya kuɗin zaure, ranar za a cire wasan kansila. Gara mu sayi tikiti.

Dattijon_Kabala: Ai a gidan rediyo da talabijin na gwamnati Samanja ya yi wasansa, kuma zamanin soja, yana sanye da kaki yana ba mutane dariya da sojan. Ya danganta da wanda ke kan kujera da kuma iya bakin ɗan wasa.

Kwamared_TW: Baba, na yanzu fatarsu ba ta kai ta sojan kauri ba.

Baban_Ilham: Mun yi nisa. Ni har yanzu ina kan bakana game da biyun da na gani: 'yan wasa akwai, marubuci ne babu, ko kuma akwai shi an fi ƙarfinsa. Na lefen zan je in gani da idona tunda Maman Sadiq ta dage.

Ɗan_Rigasa: Ni kuma ina kan nawa. Mutum ya wuni yana fama da rana da tsadar masara, ya biya kuɗi ya yi dariya awa biyu, ba ya bin kowa bashin labari.

Bala_Gonin_Gora: @Na_Bayan_Labule me daraktan ya ce?

Na_Bayan_Labule: Ya ce ba zai cire Bagwarin ba, amma zai juya fitowar: shi ne zai zama mai filin da aka kafa famfon, ya zo da takardunsa a tsakiyar jawabi. Matsalar ita ce wanda ke fitowa a matsayin bai iya Gwaranci ba ko kalma ɗaya. In akwai wanda ka sani da zai iya zuwa rihaza bayan Isha'i, muna so.

Bala_Gonin_Gora: Akwai ƙanena, amma daga Gonin Gora zuwa cikin gari da dare, wa zai biya kuɗin mota?

Joseph_Kakuri: In ranar Laraba ne ko Alhamis zan iya ɗauko shi, ina tashi aiki ta wajen. Dawowa ce ban yi alkawari ba.